Jirgin katakon Lakewood a kakar 2022: ranar da babu direba da ranar da babu mai karɓar kaya

Akwai wani ɗan layin dogo a jihar New Jersey ta Amurka da in ka tsaya a gefensa sai ka rantse an yi shekara goma jirgi bai bi ba, ciyawa ta kusa rufe ƙarfen, katakon ƙasa ya yi baƙi, amma a 2022 duk tsawonsa a raye yake. Ya tashi daga garin Red Bank ya yi kudu, ya ratsa Eatontown da Farmingdale da Howell ya faɗa Lakewood, wajen mil 20 kenan. Ni tirela nake ja a wannan jihar, yawanci kayan gini, to shi ya sa nake sa ido a kan jirgin ƙasan da ke kawo katako ta wannan layin, don duk satin da bai zo ba mu ne ake bugawa waya da asuba. Abin da zan rubuta a nan shi ne yadda abubuwa uku suka haɗu a kan layin tsakanin Satumba da Oktoban 2022, ƙarancin ma'aikatan jirgi da bukukuwan Yahudawa da kuma faɗuwar kasuwar gini, da yadda mutane suka riƙa ɗora laifin ɗaya a kan ɗaya.

Bari in fara da layin kansa. Tun wajen shekarun 1860 aka shimfiɗa shi, daga baya ya koma hannun kamfanin Central Railroad of New Jersey, a kansa ne wani shahararren jirgin fasinja mai suna Blue Comet ya riƙa gudu zuwa Atlantic City daga 1929 zuwa 1941, lokacin Lakewood wurin hutun masu kuɗi ne a lokacin sanyi, har su Rockefeller na da gida a can. Wannan zamani ya wuce. A 1976 gwamnatin Amurka ta tattara kamfanonin jirgin da suka karye a arewa maso gabas ta yi Conrail, a 1999 kuma manyan kamfanoni biyu, Norfolk Southern da CSX, suka raba Conrail ɗin tsakaninsu, sai suka bar wani ɗan guntu da sunan yana yi musu aikin rarraba taragu a wuraren da suka kasa rabawa, New Jersey na ciki. To wannan guntun Conrail ɗin ne ya yi shekaru yana turo jirgi ɗaya a sati zuwa Lakewood, lambarsa SA-31, yawanci ranar Alhamis, ya taso daga Browns Yard da ke Sayreville, ya hau layin jiragen fasinja na NJ Transit har Red Bank, sannan ya karkata ya shiga tsohon layin yana rarrafe. Babban mai karɓar kaya a ƙarshen layin kuwa kamfanin katako ne, Woodhaven Lumber. In ka ga jirgin, abin da za ka fi gani kenan, katako a naɗe cikin leda.

Na ce rarrafe ko, ba ƙari na yi ba. A dokar hukumar kula da lafiyar jiragen ƙasa ta Amurka, layi mafi ƙarancin daraja ba a yarda jirgin kaya ya wuce mil 10 a awa a kansa ba, kuma a haka wannan jirgin yake tafiya, mai keke mai ƙwazo zai iya wuce shi. Kaga mil 20 ya zama awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, ba a sa lokacin ajiye taragu da ɗaukar waɗanda aka sauke ba, ba a sa jiran da za a yi kafin masu kula da jiragen fasinja su ba ka hanya ba, don su a wurinsu jirgin katako baƙo ne, sai fasinja sun gama wucewa. Riƙe wannan lissafin, zai dawo.

Sai garin. Wanda bai taɓa shiga Lakewood ba zai sha mamaki. A 1943 wani babban malamin Yahudawa da ya tsero daga yaƙin Turai, Aharon Kotler, ya kafa makarantar addini a can, Beth Medrash Govoha, da ɗalibai 'yan kaɗan, yau ita ce mafi girman irinta a wajen Isra'ila, ɗalibai dubbai. Ɗalibi ya zo karatu, ya yi aure, ya zauna, ya haihu, kuma suna haihuwa masha Allah, gida mai yara bakwai takwas ba abin kallo ba ne. Ƙidayar 2000 ta samu mutum 60,352 a garin, ta 2010 ta samu 92,843, ta 2020 kuwa 135,158. Cikin shekara ashirin garin ya ninka har da ɗori, kuma mafi yawansu Yahudawa ne masu riƙo da addini sosai. Mutum dubu saba'in da biyar ƙari ai sai an yi musu ɗaki, gidajen Amurka kuma kusan duk da katako ake tayar da su, ba bulo da siminti ba. Ko'ina ka juya gini ake, gidaje biyu-biyu a manne, makarantu, wuraren ibada, har abin ya malala zuwa Jackson da Toms River da Howell. Hanyar Route 9 da ta ratsa garin kuwa kar ma a yi maganarta, cunkoso ne tun safe har dare. Wannan ginin shi ne abincin jirgin.

Tarago ɗaya na katako abin kallo ne in ka matso kusa. Shimfiɗaɗɗe ne, da dogon bangon ƙarfe a tsakiya daga kai har wutsiya, ana jera ɗaurin katako hagu da dama a ɗaure da waya. Wajen saukewa dole mai fokalif ya ɗauki ɗauri ɗaya a wannan gefen ya zagaya ya ɗauki ɗaya a wancan, in ya yi ganganci ya kwashe gefe guda tarago zai kife, gargaɗin ma a rubuce yake a jikinsa da manyan baƙaƙe. Abin da ke kan tarago ɗaya sai tirela uku zuwa huɗu irin tawa kafin su kwashe, don mu doka ta tsayar da mu a fam dubu 80 har da nauyin motar. Katakon kuma daga nesa yake, Kanada ko arewa maso yammacin Amurka ko jihohin kudu, makonni yake yi a hanya yana sauya hannu daga wannan kamfanin jirgi zuwa wancan. Wanda ya yi odar sa yau, hasashen wata mai zuwa yake yi.

To a 2022 me ya faru da ma'aikata. Labarin ya faro tun baya. Akwai wani tsarin tafiyar da jirgi da wani manaja mai suna Hunter Harrison ya yaɗa, ya kawo shi CSX a 2017, sauran manya suka kwaikwaya, a taƙaice dai shi ne a tsawaita jirage, a rage yawansu, a rufe wasu yadi, wato filayen da ake tara taragu a haɗa jirgi, a rage mutane, riba ta hau. Korona ta zo a 2020 aka ƙara sallamar wasu hutun dole da sunan in kasuwa ta dawo za a kira su. Kasuwa ta dawo da ƙarfinta, aka buga waya, da yawa suka ce a kai kasuwa, sun samu wani aikin da suke kwana a gida. A watan Afrilun 2022, ranakun 26 da 27, hukumar da ke sa ido kan harkar sufurin jirgin ƙasa ta kira zama a Washington, shugabanta na lokacin Martin Oberman ya faɗi adadin a fili, cewa manyan kamfanonin sun rage ma'aikata kusan 45,000 cikin shekara shida, kashi 29 cikin ɗari. A watan Mayu aka tilasta wa huɗu daga cikinsu, BNSF da Union Pacific da CSX da Norfolk Southern, su kawo tsarin yadda za su gyara aiki su riƙa kawo rahoto. Lura da biyun ƙarshe, su ne iyayen gidan Conrail, duk taragon da zai je Lakewood ta hannun ɗayansu zai biyo. A watan Yuni ma sai da hukumar ta ba Union Pacific umarnin gaggawa ya kai masara ga kamfanin kaji na Foster Farms a Kalifoniya don kajin na neman rasa abinci. Abin ya kai haka.

Mutane na cewa to a ɗauki sababbi mana, ai aikin ba ya rasa masu so. Ba haka abin yake ba. Jirgi irin wannan mutum biyu ne ke tafiyar da shi, direba a cikin kan jirgi, kwandasta kuma shi ne ɗan wahala, shi zai sauka ya juya sandar canza layi, ya shiga tsakanin taragu ya haɗa tiyon iskar birki, ya murɗa birkin hannu, ya taka tsakuwa daga kai zuwa wutsiya ko ana ruwa ko ƙanƙara, yana magana da direba ta rediyo. Horar da kwandasta watanni ne, direba ya fi haka, kuma bayan takardar shaida sai an tabbatar mutum ya san wannan layin takamaimai, ina kwana take ina gangare yake, wanda zai hau layin NJ Transit kuma sai ya ci jarrabawar dokokinsu, kan jirgin ma sai mai na'urar tsaron da ta dace da tasu. Ba kowane direba ba, ba kowane kan jirgi ba. Sannan ga dokar awoyi, ma'aikacin jirgi ba zai wuce awa 12 a bakin aiki ba, bayan nan sai ya samu hutun awa 10 ba mai ko buga masa waya, a wata kuma kar ya haura awa 276. In awa 12 ta cika kana tsakiyar daji, nan za ka tsayar da jirgin ka ɗaure birki ka jira mota ta zo ta ɗauke ka, su a bakinsu cewa suke ma'aikatan sun mutu a hannun doka. Ka tuna lissafin rarrafen ɗazu, tafiyar Lakewood da dawowa dama can cikin awa 12 take shiga da ƙyar, jinkirin awa biyu a farko ya isa ya sa jirgin kwana a hanya, gobe kuma sai an nemo wasu mutum biyu su je su ɗauko shi.

Da can kowane yadi na da 'yan ko-ta-kwana, mutanen da ake biya suna jiran waya, in wani ya yi rashin lafiya ko aiki ya ƙaru a kira su. Su aka fara zaftarewa. To ranar da mai rabon aiki ya duba ya ga yana da jirage biyar da ma'aikatan huɗu, wanne zai soke, na matatun mai da kamfanonin sinadarai masu taragu hamsin, ko na katako mai taragu 'yan ƙalilan da zai cinye masa mutum biyu yini guda cur? Ko ni ne shi na san wanda zan soke. Jirgin da ke zuwa kullum in an soke shi asarar kwana ɗaya ce. Mai zuwa sau ɗaya a sati in an soke shi, ko taragonka ya makara da awa uku bai samu shiga ba, sati guda ya tafi.

Ana cikin haka ne a ranar 1 ga Yulin 2022 aka miƙa aikin layin ga wani ƙaramin kamfani, Delaware and Raritan River Railroad, reshen Chesapeake and Delaware. Ƙananan kamfanonin nan sun fi lallaɓa kwastoma don shi ne abincinsu, ma'aikatansu kuma suna kwana a gida. Amma a farkon nan Conrail ne dai har yanzu zai kawo taragun Red Bank ya ajiye, su kuma su ɗauka su ƙarasa. Wato an ƙara hannu ɗaya a sarƙar, kuma in na sama bai kawo ba na ƙasa ba shi da abin ja.

Sai Satumba ta zo da barazanar yajin aiki na ƙasa baki ɗaya. Ƙungiyoyin ma'aikatan jirgi sun yi shekaru suna ja-in-ja da kamfanoni, kuma babban abin da ya fi ci musu rai ba kuɗi ba ne, rashin hutun jinya mai albashi ne da tsarin maki da ake yanke wa mutum in bai amsa kira ba. Wa'adin ya kama 16 ga Satumba, tun kwanaki kafin nan kamfanoni suka fara ƙin karɓar wasu kaya don kar yajin ya same su a hanya, sai a ranar 15 aka cimma yarjejeniyar wucin gadi. Ba a yi yajin ba, amma jirgin ƙasa ba famfo ba ne da za ka rufe ka buɗe ruwa ya zo nan take, abin da aka tsayar sai ya ɗau kwanaki kafin ya warware. Rigimar ma ba ta mutu ba sai da majalisa ta sa baki, Shugaba Biden ya sa hannu a dokar tilasta yarjejeniyar ranar 2 ga Disamba.

Kwana goma bayan wannan wa'adin, bukukuwa suka shigo.

Nan ne nake so in ɗan zauna, don nan ne masu kallon jirgi daga gefen titi suke ruɗewa. Kalandar Yahudawa ta wata ce, ranarsu daga faɗuwar rana take farawa kamar yadda muka sani a lissafin Hijira, bambancin shi ne su suna ƙara wata guda sau bakwai a cikin kowace shekara 19, shi ya sa bukukuwansu ba sa zagaya shekara kamar azumi da Sallah, kullum suna nan a Satumba da Oktoba, sai dai ranar mako da za su faɗa tana canzawa. A watansu na Tishri, wanda ke faɗawa a wannan lokacin, akwai sabuwar shekara, Rosh Hashana, kwana biyu, sai Yom Kippur wato Ranar Kafara, sai Idin Bukkoki da su ke kira Sukos, kwana biyun farkonsa manya ne ga waɗanda ke zaune a wajen Isra'ila, sai 'yan kwanakin tsakiya, sai kuma wasu manyan kwana biyu na rufewa. Babbar rana a wurinsu kusan kamar Asabar ɗinsu take, ba tuƙi, ba waya, ba ciniki, ba rubutu, ba sa hannu a takardar karɓar kaya. Kuma ba wai shi kaɗai zai huta ba, dokar addinin ta hana a ga ana yi masa gini a ranar ko da leburorin ba Yahudawa ba ne, yawancinsu kuwa 'yan Latin Amurka ne. A kwanakin tsakiyar ma ginin gida ba a so, yawanci fita suke da iyali, wurin wasan Six Flags da ke Jackson cika yake da su.

Yanzu ɗauko kalandar 2022. Rosh Hashana ta faɗa Litinin da Talata, 26 da 27 ga Satumba. Yom Kippur Laraba 5 ga Oktoba. Farkon Idin Bukkoki Litinin da Talata, 10 da 11. Rufewa Litinin da Talata, 17 da 18. Duka manyan ranaku bakwai sun faɗa ranakun aiki, ko ɗaya bai ɓuya a ƙarshen mako ba. Daga 26 ga Satumba zuwa 18 ga Oktoba ranakun aiki 17 ne, cire bakwai, cire uku na tsakiyar idi, saura bakwai, a cikinsu akwai Juma'a biyu da ake tashi da wuri don shirin Asabar da kuma jajibirin Yom Kippur da shi ma rabin rana ne. Cikakkun ranakun aiki huɗu kenan a cikin sati uku da ɗoriya. Kwatanta da 2023, inda Rosh Hashana ta faɗa Asabar da Lahadi, farko da ƙarshen Bukkoki ma haka, Yom Kippur kaɗai ya ci Litinin. Biki ɗaya, gari ɗaya, amma a wata shekarar ya cinye ranakun aiki bakwai a wata kuma ɗaya tak. Wanda ya kwatanta yawan taragun Oktoban 2023 da na 2022 bai duba wannan ba, shirme zai fitar.

Ni kaina na sha wannan ruwan. Litinin 17 ga Oktoba aka ba ni lodi zuwa wani wurin gini a cikin garin, mai rabon aikinmu ya duba intanet ya ga an ce idin kwana bakwai ne, ya ƙirga ya ce ai an gama jiya. Tun da na shigo unguwar na san akwai magana, Route 9 da na saba yin rabin awa a kanta na wuce ta kamar an share min, shaguna a rufe, motocin makaranta masu ruwan ɗorawa da ke cika garin babu ko ɗaya, sai maza cikin baƙaƙen kwat da huluna suna tafiya a ƙasa da yara a bayansu, mata na tura keken jarirai, kowane gida ka kalla akwai bukka a baranda ko a tsakar gida, bangon falanki, rufin gora ko tabarmar kara. Na isa ƙofar wurin, kwaɗo. Na buga lambar ɗan kwangilar ta fi sau biyar, wayar ma a kashe. Wani dattijo da ya zo wucewa ya tsaya ya ce min cikin ladabi, abokina sai Laraba. Haka na juyo da kayan mil sittin, man da aka ƙona da yinin duk a banza, kuma ba laifin kowa ba ne a garin, ranar tana rubuce a kalanda tun kafin a haife ni.

To abin da ya same ni a tirela shi ke samun tarago, sai dai nasa ya fi tsada. Ra'ayina, kuma a kansa na tsaya, shi ne biki ba ya cinye buƙatar katako, matsar da ita yake yi. Gidan da za a gina za a gina shi. Abin da ke faruwa shi ne kowa na son a rufe masa rufi, a sa tagogi, a gama abin da za a gama kafin Rosh Hashana, kamar dai yadda tela ke shan matsi a goman ƙarshe na azumi sannan bayan Sallah ya zauna yana hamma. Buƙata takan yi tsalle a ƙarshen Agusta da farkon Satumba, ta kwanta sati uku, sannan ta sake tashi da ƙarfi don ana tseren kafin sanyi ya sauko. Haka ake yi kafin wani babban idin nasu, Idin Ƙetarewa, a bazara, kowa na son gyaran kicin ɗinsa ya ƙare. Wasu na cewa ai bukkokin ma suna jan katako, gaskiya ne ana sayen falanki da 'yan sanduna, musamman a kwana huɗun da ke tsakanin Yom Kippur da idin, guduma ko'ina, amma mafi yawan gidaje allunan bara suke fitowa da su daga gareji, wannan cinikin bai kai ya cika taragu ba in ka gwada shi da ginin gida guda.

Matsalar ita ce buƙata mai tsalle tana son jirgi mai iya tsalle, wanda zai ƙara zuwa sau biyu a satin da ake rububi ya huta a satin da gari ya yi shiru. Wannan kuwa sai da 'yan ko-ta-kwana, su kuma an sallame su. Mu ɗauka, misali kawai, mai katako ya yi oda a Agusta yana lissafin kaya su iso tsakiyar Satumba. Taragon ya kwana biyu a wani yadi a Chicago don babu ma'aikata, ya ƙara kwana a Pennsylvania, ya iso New Jersey kwana ɗaya bayan jirgin sati ya tashi. Kafin ya shiga Lakewood an shiga biki. A satin da magina ke layi suna neman kaya babu, dole a kira irinmu mu ɗauko daga wani wuri da tsada, a satin da kayan suka iso kuma rabin masu saye suna wurin ibada. Ga yadi ya cika, ga na baya sun taru sun iso lokaci guda, kuma kamfanin jirgi yana da kuɗin zaman tarago, dimorej, in ka wuce kwanakin da aka ba ka ba ka sauke ba mita na gudu, ko da jinkirin daga wurinsu ya faro. A wancan zaman na Washington wannan na cikin kukan da masu kaya suka yi ta yi, a makara da kayanka sannan a caje ka.

Amma kar a zuzuta bikin fiye da ƙima. Mai katakon nan ba Lakewood kaɗai yake sayar wa ba, magina ne daga duk yankin gaɓar teku, waɗanda ba ruwansu da Tishri. Kuma akwai abu na uku da ya fi biki nauyi a wannan kakar. Farashin katako da ya haura dala 1,600 kan ma'aunin ƙafa dubu a Mayun 2021 ya faɗo ƙasa da dala 500 a Satumban 2022, babban bankin Amurka yana ta ɗaga kuɗin ruwa tun Maris, zuwa ƙarshen Oktoba ruwan bashin gida na shekara 30 ya haura kashi 7 cikin ɗari. Mai sayar da katako in ya ga farashi na zubewa ba ya tara kaya, don abin da ya saya yau gobe ya rage daraja, sai ya riƙa saye kaɗan-kaɗan, kaɗan-kaɗan kuma aikin tirela ne ba na jirgi ba. Saboda haka in ka ga jirgin ya zo da tarago biyu a wani satin Oktoba, zai iya zama biki, zai iya zama sauran suna maƙale a wani yadi, zai iya zama ba a yi odar ba tun farko. Daga gefen titi duk kama ɗaya suke. Akwai dai 'yar alama, in jirgin bai fito ba sam alhali taragu na jibge a yadi, wannan rashin mutane ne, in ya fito a kan lokaci amma gajere, to duba wajen masu saye, in kuma sati biyu shiru sannan ya zo da jerin gwano, sarƙar ce ta toshe a sama ta ɓalle lokaci guda.

Abin da ya ɗan canza lissafin ya zo ne a 2023. Sabon kamfanin ya farfaɗo da wani yanki na kusan mil biyar tsakanin Farmingdale da Freehold da aka yi shekaru da yawa ba a bi ba har bishiyoyi sun fito a tsakiyar layin, da tallafin kuɗin jihar, aka buɗe shi a Oktoban 2023. Yanzu taragun Lakewood ta wajen Jamesburg da Freehold suke biyowa, ba sai sun hau layin fasinja sun jira a ba su hanya ba, ba sai an nemo kan jirgi mai na'urar NJ Transit da direban da ya ci jarrabawarsu ba. Wannan ya cire ƙulli ɗaya babba. Bai ƙara wa Norfolk Southern ko CSX ko mutum ɗaya a yadinsu na nesa ba, kuma a Afrilun 2024 hukumar lafiyar jirage ta fitar da dokar da ta ce yawancin jirage sai da mutum biyu, wato maganar a rage zuwa direba shi kaɗai don a samu sauƙi ta ja baya.

A 2024 bukukuwan sun faɗa Alhamis da Juma'a, 3 da 4 ga Oktoba, 17 da 18, sai 24 da 25, kowanne ya haɗe da Asabar ya zama kwana uku a jere ba mai ɗaga waya. A wannan shekarar tun Agusta na karɓo kalandar bango kyauta a wani shagon kayan abinci a Lakewood, mai ɗauke da lokutan faɗuwar rana na kowace Juma'a, na kai ofis na manna wa mai rabon aikinmu a saman kwamfutarsa, na zagaye ranakun da jan biro.